Baba Hamidou da Garin Majema na Faransa

A unguwar Stapleton ta birnin New York, kan Bay Street, tsakanin kantin Anti Afua mai sayar da garin kwaki da busasshen kifi da wani shagon wanki, akwai wata 'yar ƙofa da mutum zai iya wucewa bai lura da ita ba. A nan Baba Hamidou yake gyaran takalma da jakunkuna. Na fara shiga wurinsa a shekarar 2014, ranar da ƙasan takalmin aikina ya ɓare. A wani sito nake aikin lodi, da hantsi zuwa azahar nake tashi, saboda haka ina da sarari da rana. Ya ce in zauna in jira. Kafin ya gama ɗinkin ya riga ya kai ni Faransa ya dawo da ni. Tun daga ranar kujerar ƙarfen da ke bakin ƙofarsa ta zama tawa.

Mutumin Maraɗi ne, dogo, siriri, mai magana a hankali. Gefen faratansa baƙi ne wuluk, wai rini ne da ya shige su tun yana saurayi ya ƙi fita. Mahaifinsa dillalin fata ne, kuma kowa ya san yadda Turawa suke son fatar jar akuyar Maraɗi. Akwai wani Bature da yake zuwa saye duk shekara. Shi ya ga yadda 'ya'yan dillalin biyu suke aiki, Ishawu babba da ƙaninsa Hamidou, ya ce akwai aiki a garinsu in suna so. Shekarun fari ne, dabbobi suna ta mutuwa, ciniki ya tsaya. Uban ya sa musu albarka, suka tafi a 1972.

A rubuce sunan garin Graulhet, amma a baki Guroye ake cewa.

"Ba Pari ba ne hwa," yakan ce, allura a hannu. "Kowa in ka ce Faransa sai ya ce Pari. Wanga ƙaramin gari ne, can kudu, tsakanin Albi da Castres. In ka hito Toulouse ba ka yi nisa ba ka iso. Tuddai sun kewaye shi, shi kuma yana kwance cikin kwari, gulbi ya raba shi biyu. Kahin idonka ya ga garin, hancinka ya riga ya gan shi."

Garin majema ne. A cewarsa, duk bakin kogin, wanda ake kira Dadou, masana'antun jima ne jere da juna, na bulo ja, kowace da benen shanya a samanta. Bangon benen na katako ne mai tsage-tsage, don iska ta riƙa ratsawa tana busar da fatu. Galibi fatun tumaki ake jemewa, waɗanda ake shimfiɗawa a cikin takalmi, amma na awaki ma suna zuwa. Wata rana Ishawu ya kwance wani dami ya ga alamar mahaifinsu a jikin fata. Ya kira ƙaninsa, suka tsaya suna kallonta kamar wani ɗan gida ne ya biyo su.

Abin da Baba Hamidou ya fi son faɗi shi ne labarin kogin. Duk ruwan rinin masana'antu cikinsa yake gangarawa, don haka ba shi da launi ɗaya. Yau ja, gobe baƙi, jibi kuma shuɗi mai kumfa. Da safe in za su aiki sukan bi ta tsohuwar gada, ta duwatsu, wadda mutanen garin suke cewa ta kusa shekara ɗari takwas. Ishawu sai ya leƙa ƙasa ya ce, "Yau 'yan sama da mu jan takalmi suke yi." Su yi dariya su wuce.

Ɗaki suka kama a Panessac, tsohuwar unguwar garin. Lungunan ƙanana ne, gidajen na katako da ƙasa, benen sama ya turo gaba ya fi na ƙasa faɗi, har na dama da na hagu suna neman haɗa goshi. Baba ya ce kamar tsofaffi biyu masu raɗa. Matar da ta ba su haya tsohuwa ce, mijinta ma majemi ne kafin ya mutu. Da ta gane ba sa cin alade sai ta ware musu tukunya daban, ta ɗaura mata jan zare a hannu don kada a haɗa. Ita ta ba su labarin babban yajin aikin da majeman garin suka yi tun kafin yaƙin duniya na farko, watanni ana ja, har aka riƙa tura yara wasu garuruwa don su sami abinci. Ta ce ita ma tana cikin yaran da aka tura.

Akwai kuma wata iska da take tasowa daga kudu maso gabas, sunanta autan. In ta taso takan kwana biyu ko uku tana kaɗa tagogi, fatu su bushe da wuri, mutane kuma su riƙa faɗa da juna ba dalili. Ranar wasan rugbi garin duka yakan kwashe ya tafi fili. Su biyun ba su taɓa gane dokar wasan ba, amma suna zuwa, don in ba su je ba ranar Litinin ba su da bakin magana a wurin aiki.

Duk wannan na ji shi sau da yawa, kuma ban gaji ba, don kowane ji sai ya zo da wani lungu da ban sani ba. Anti Afua ce take gajiya. 'Yar Kumasi ce, a zango ta girma, Hausa a bakinta kamar ruwa, irin ta can wadda ba ta raba namiji da mace. Takan leƙo da kwanon wake da shinkafa a hannu ta ce, "Ei, Baban Zalia, an sake tafiya Faransa? Wannan jirgi naka ba ya shan mai?"

"Ke mi kika sani ban da kasuwarku ta Kejetia?"

"Kejetia tana nan, na je bara na gani da idona. Kai fa?"

Nan sai ya mai da kai kan ɗinkinsa ya ja zare. Da farko na ɗauka wasa ne kawai. Sai da muka shekara guda da sanin juna sannan ya gaya mini abin da ya bari a garin.

A sanyin 1978 ciwon ƙirji ya kama Ishawu. Ya yi ta zuwa aiki yana tari, hannu cikin ruwan sanyi, har ranar da ya kasa tashi. Aka kai shi asibiti, bai fito ba. Kai gawa Nijar ya fi ƙarfinsu. Abokan aikinsu 'yan Maroko da 'yan Aljeriya suka taimaka aka yi masa wanka da salla, aka binne shi a maƙabartar garin, can ƙarshe wajen bango. Suka haɗa hannu aka kewaye kabarin da siminti. Da aka tambayi Hamidou abin da za a rubuta, ya ce kada a rubuta komai. A Maraɗi bai taɓa ganin an rubuta suna a kan kabari ba. Allah ya san bawansa.

Bayan 'yan shekaru masana'antun suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Tasu ta rufe a 1983, ya koma gida. Da ya durƙusa gaban mahaifiyarsu, ba ta tambaye shi ciwon ba, ba ta tambayi komai ba sai abu ɗaya: "To yanzu da ka taho, wa ke zuwa wurinsa?" Ya ce zai koma. Ya yi aure, ya yi kasuwancin da bai ɗore ba, ya zo New York a 1991. Ya sayar da jakunkuna a bakin titi a Harlem shekaru, kafin ya ƙetaro ruwa zuwa Stapleton ya buɗe wannan shagon. Kowace shekara yana cewa baɗi. Matarsa ta rasu. Sai kuma ƙoda ta kwantar da shi a 2015, aka sa shi a kan wankin ƙoda sau uku a mako. Daga nan ya daina cewa baɗi.

Allah bai ba shi ɗa namiji ba. Zalia ce kaɗai, a nan aka haife ta, tana aikin jinya a Brooklyn. Tana jin Hausa sarai, amma in ta fara magana takan ɗinka ta da Turanci. A kakar 2016 wata ƙawarta 'yar Nijar za ta yi aure a Toulouse, aka gayyace ta. Ita da kanta ta shigo shagon wata rana da kayan aikinta a jiki ta ce, "Baba, na duba, garin nan naku ba shi da nisa da wurin bikin. Ranar Lahadi ina da free day. Zan je wurin Baffa Ishawu."

Ya ajiye guduma. Na ga murna ta hau fuskarsa, sannan na ga ta sauka.

"Ɗiya mace ba ta shiga maƙabarta," ya ce.

"Baba!"

"Ki tahi, Allah shi yi miki albarka. Amma bakin ƙohwa za ki tsaya. Ki ɗaga mini waya in gani daga nan, in yi addu'a. Ya isa."

Sharaɗi na biyu kuma, da ƙafa za ta je, ta hanyar da suka bi da gawar, daga tsohuwar gada. Mako guda yana yi mata kwatance. Ta ce akwai taswira a wayarta. Ya ce taswira ta san tituna, amma ba ta raka wansa ba.

Ranar Lahadi ba ya buɗe shago, amma ran nan ya buɗe, ya ce a gida ba zai iya zama ba. Ya sa farar riga da hula. Ni na zo, Anti Afua ma ta dawo daga coci ta bar kantinta a rufe ta shigo da kayan adonta. Nan hantsi ne, can kuma rana ta fara juyawa. Ya jingina wayar a jikin keken ɗinki. Da ta yi ƙara, fuskar Zalia ta fito, iska tana kaɗa mayafinta.

"Baba, ina kan gadar."

"Juya in gani."

Ta juya wayar. Duwatsun suna nan. Baba ya matso har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Ita ce. Wallahi ita ce. Leƙa ƙasa, yau wane launi ne?"

Ta leƙa. Ruwa ne mai ɗan kore-kore, ana hango duwatsun ƙasansa. Agwagi suna iyo, wani mutum kuma yana zaune a gefe da ƙugiya.

"Kihi yake kamawa?" in ji Baba. "Cikin Dadou?"

Anti Afua ta ce, "To ba alheri ba ne? Kogi ya yi wanka."

"Alheri ne," ya ce a hankali. "Bon. Zalia, sauka gadar ki bi hannun da wari ya hi ƙarhi."

"Babu wari, Baba. Ƙanshin burodi kawai nake ji."

"To ki nemi dogon bututun hayaƙi, wanda ke kusa da gidan mai shuɗiyar ƙohwa. Nan za ki ji injina suna ƙara, sai ki yi hagu."

Ta yi ta tafiya, mu kuma muna binta da ido. Tituna tsit, tagogi a rufe. Ta wuce wani dogon gini na jan bulo, katakan benensa sun zube, itace ya tsiro ta cikin rufin. Ta wuce wani kuma da aka gyara aka yi masa fenti. A wani wurin fili ne kawai da ciyawa da kujerun zama. Baba yana cewa, "Tsaya, tsaya, koma baya," sai kuma ya ce, "A'a, ba nan ba ne." Bututun hayaƙi ta gani har biyu, ba wanda yake kusa da shuɗiyar ƙofa. Duk abin da ya kafa kwatancensa a kai, wari ne da ƙara da hayaƙi da launin ruwa, kuma duka sun bar garin tare da aikin.

Can Zalia ta tsaya a wata mararraba tana haki.

"Baba, na ɓata. Mai motar da ya kawo ni ya ce kafin magariba za mu koma. Ka bar ni in bi map."

Ya janye fuskarsa daga gilashin wayar. Sannan ya ce, "Bi."

Ba ta jima ba ta isa. Dogon bango, ƙofar ƙarfe a buɗe. Ta tsaya daidai bakin ƙofar kamar yadda aka ce mata, ta ɗaga wayar sama. Abin da muka gani layuka ne na duwatsu masu sheƙi, da giciye, da furanni, da dogayen itatuwa sirara, har iyakar ganin ido. Bangon ƙarshe ma ba a hango shi.

"Ɗaga sama kaɗan."

Ta ɗaga.

"Yi dama."

Ta yi.

"Babu namiji kusa? Ko wani tsoho ɗan Maroko, ki ba shi wayar ya shiga da ita?"

"Babu kowa, Baba. Wata tsohuwa ce kawai can tana ba furanni ruwa."

Anti Afua ta gyara zama, kujerar ta yi ƙara. "Baban Zalia, ka ji tsoron Allah. Yarinya ya ƙetare teku, ya zo har bakin ƙofa, ka ce ya tsaya kamar mai kawo pizza?"

"Ke ba ki san al'adarmu ba."

"A zango na girma, na san shi sarai. A gida kuna da maza cike da gari, kowa ya mutu akwai mai zuwa masa. A nan ina mazan? Ga ka, ga ni, ga wannan yaro da ko bizar Faransa ba shi da shi."

Ya juyo ya dube ni, kamar zan ce wani abu. Ni ba malami ba ne, na sunkuyar da kai. Ya ɗaga hannuwa zai fara addu'a daga nesa, ya kai su rabi, ya tsaya. Idonsa yana kan layukan duwatsun, yana neman inda zai ajiye shi bai samu ba.

Muryar Zalia ta fito daga wayar, ba da ƙarfi ba. "Baba, in ka ce in juya, zan juya. Amma tun da ka bar garin nan, ni ce jininsa na farko da ya zo."

Ya sauke hannuwan ya ɗora a gwiwa. Wata bas ta wuce a waje, gilashin shagon ya girgiza.

"Gyara lulluɓinki," ya ce. "Ki yi bisimilla. In kin shiga ki yi musu sallama duka, namu da nasu. Kada ki taka na kowa. Kada ki yi kuka da ƙarhi."

Muka ji tsakuwa tana ƙara a ƙarƙashin takalminta. Ta miƙe har ƙarshe. Wajen bango kaburburan ba su da sheƙi. Wasu an rubuta musu suna da Larabci, wasu katakonsu ya ruɓe, wasu kuma ba komai sai siminti da ciyawa. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana nuna masa. Ya ce a'a. Ya ce bai sani ba. Ya sake cewa bai sani ba, muryarsa tana ƙanƙancewa. A zamaninsa, ya ce, wurin nan fili ne, sai tsohon layi guda na mutanen garin, wansa kaɗai ne Musulmi a ciki.

Ta kai lungun bango ta juyo. "Saura ɗaya a nan, amma shi kam wanda ya haƙa bai iya ba. Duk na tsohon layin nan a miƙe suke, shi kaɗai ne a karkace. Har ya ci hanya."

"Mi kika ce?"

"A karkace yake, Baba. Kamar an ajiye shi a gicciye."

Ta nuna. Kewayen siminti ne da ya tsattsage, gansakuka ta rufe rabinsa, ya kauce wa layin 'yan'uwansa. Baba Hamidou ya yi wata irin dariya wadda ta karye a tsakiya.

"Ya iya," ya ce. "Mutumin ya iya aikinsa. Ni na hana shi. Ya ja igiyarsa daidai da layi, na ce a'a, wana alƙibla zai kalla. Muka yi ta gardama cikin ruwan sama, shi da Faransancinsa, ni da rabin nawa. Da na ga ba ya ganewa sai na ja masa layi a ƙasa da dugadugin takalmina. Ya kalle ni, ya ɗaga kahwaɗa, ya haƙa inda na ja." Ya share fuska da hannun riga. "Shi ne, Zalia. Tsuguna wajen kansa, hannunki na dama."

Ta tsuguna. Ta jingina wayar a gefen simintin, don haka ba ma ganin fuskarta, sai ciyawa da gindin bango da ɗan yankin sama.

"Salamu alaikum, Yaya," in ji Baba Hamidou. "Ni ne. Ban samu na zo ba. Ga ɗiyata Zalia, ba ka san ta ba, bayanka aka haihe ta. Inna ta rasu, ka riga ni sani."

Sannan ya ɗaga hannu ya yi addu'a, doguwa, muna cewa amin. Anti Afua ma tana cewa amin, da ƙarfi fiye da kowa. Ya shafa, muka shafa. Muka ga hannun Zalia ya shigo cikin hoton yana cire ciyawa daga tsagar simintin, tana tarawa a gefe. Ya bar ta ta yi ta cirewa.

Can ta ɗauki wayar. Idanunta sun yi ja. "Baba, mai motar yana kira. Amma ƙawata a nan za ta zauna. In na zo ganinta zan sake zuwa."

Ya gyaɗa kai. Ya dubi kabarin ta bayan kafaɗarta, ya daɗe yana dubawa.

"In za ki zo, ki taho da 'yar hauya," ya ce. "Wagga ciyawa ta hi ƙarhin hannu."